Durowar Kawuna

A ofishinmu na hawa na tara akwai wata durowa da babu mai zanen da yake so a ja ta saboda shi. Kawuna ne a ciki. Duk na mutum ɗaya ne, jaruminmu Ginshiƙi, an buga su a takarda an yanyanke da almakashi, sun fi ɗari uku: mai duban dama, mai duban hagu, mai cije haƙora, mai kallon sama. In mai zane ya kawo shafi aka ga fuskar Ginshiƙi ta kauce daga yadda aka san ta, ba a ɓata baki wajen yi masa bayani. Edita zai ja durowa ya zaɓi kan da ya dace da wuyan, a shafa gam a liƙa a kan nasa. Sai littafi ya fito mutum ya ga jikin da ya zana ɗauke da kan da ba nasa ba. Mu a tsakaninmu cewa muke an sa wa wane hula. Na san wanda aka sa wa hula sau biyu ya bar sana'ar, ya koma zanen tallan firji.

Kawunan nan duka hannu ɗaya ne ya zana su, hannun Ruben Ostrow, a shekarar 1951.

Ruben ne ya ƙirƙiro Ginshiƙi tun kafin mu shiga yaƙin duniya na biyu, a kan teburin cin abincin uwarsa a titin Rivington. Shi Ginshiƙi ma'aikacin ƙarfe ne mai gina dogayen benaye, wanda in gini zai rufta kan mutane sai ya sa kafaɗa ya tare. Kafin Ruben, jaruman littattafan zane a sandare suke cikin akwatunan shafi kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Shi ya koya musu naushi da dukan jiki, dunƙulallen hannu ya fi kai girma, ya tsallako layin akwati yana neman hancin mai karatu. Yanzu ka tsaya gaban kowane mai sayar da jarida a New York ka ɗauki littafin kowane kamfani, wannan hannun za ka gani. Da yawansu ma ba su san wa suke kwaikwayo ba, don wanda suka kwafa shi ma kwafa ya yi. A taron masoya da ake yi a otal duk shekara, ƙarti masu gemu suna layin awa biyu don ya zana musu ɗan yatsa ɗaya a bayan tikiti.

Ni ba wanda yake yi mini layi. Sunana Nunzio Pellerito, ni ne mai tawadar Ruben tun 1950. Shi zai zana da fensir, ni in bi da buroshi da baƙar tawada, don injin buga littafi ba ya ganin fensir. In tawada ta bushe sai in sa magogi in share fensirin gaba ɗaya, in karkaɗe takardar in miƙa. Shekara ashirin da shida ke nan. Abin da duniya take kira zanen Ostrow, ni kaɗai nake ganin sa tsirara, kuma ni nake binne shi duk wata. Har gobe in wani ya ce mini, "Au, wato kai bin layi kawai kake yi," sai in ji kamar in juye masa kwalbar tawada a aljihun riga.

Ga abin da ba ya cikin hirar da mujallu suke yi da shi. Kowane mai zane yana ajiye madubi a gefen tebur, in yana neman fuskar fushi ko ta tsoro sai ya yi ta a madubi ya kwafa. Na Ruben ƙaramin madubin aski ne mai ƙafa. Shi ya sa Ginshiƙi ya ɗauko girarsa da haɓarsa, kuma hakan bai dami kowa ba lokacin da Ruben yake da shekara talatin da bakwai. Wajen shekara tara da suka wuce na fara ganin wani ɗan layi a ƙarƙashin idon Ginshiƙi. Ban bi shi da tawada ba, na share. Wata na gaba ya dawo da ɗan'uwansa. Daga nan kumatu suka fara saukowa, wuya ya saki, ni kuma ina ɗagawa ina tamkewa, ban gaya wa kowa ba. A raina aski nake kiran abin. Shi kuwa Ruben, littafi ya fito ya buɗe ya ga saurayinsa yana nan yadda ya san shi, sai ya bugo mini waya ya ce, "Nunzi, ka ga yaron nan? Mu muna tafiya, shi yana nan."

Ran wata Alhamis ta watan Yuni 1976, Mista Walter Delahunt, editanmu, ya sa aka kira ni da ƙarfe tara na safe. Na same shi ya baje shafi goma sha tara na littafin wannan wata a kan tebur, waɗanda na gama na kawo ran Talata. Shafi na ashirin, na ƙarshe, yana cikin jakata, ban taɓa shi ba tukuna. Durowar tana buɗe.

"Zauna, Nunzio."

"Na fi son tsayuwa."

"To tsaya." Ya ɗora yatsa a shafi na huɗu. "Wane ne wannan?"

"Ginshiƙi mana."

"Wannan baffan Ginshiƙi ne, mai sayar da labule a titin Orchard." Ya zaro kai ɗaya daga durowa ya ajiye kusa da shi. "Ga Ginshiƙi. Na san abin da kake yi tuntuni, ban makance ba. Kana cire layuka, madalla, na gode. Amma yanzu ƙashin fuskar ne ya canza, kai kuma ba likita ba ne. Yara sun fara rubuto wasiƙa suna tambaya ko ba shi da lafiya."

Na duba. Ba tamoji ko ɗaya a fuskar da na yi, amma fuskar dattijo ce da aka yi wa guga. Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan.

"Me kake so a yi?" na ce.

"Hula."

"Ka sa wa Ruben Ostrow hula da kan da shi ya zana?"

"Da na wa kake so in sa masa?" Ya murza ido. "Gobe Juma'a ƙarfe goma sha biyu za a zo ɗaukar shafuka. Kawuna arba'in da ɗaya ne, za a liƙa su ko ana so ko ba a so. Abin da ba na so shi ne Dattijo Ruben ya buɗe littafi a bakin titi ya gani. Ya san kowane kai a durowar nan fiye da yadda ya san jikokinsa. In ya gani ba a gaya masa ba, zai hau nan ya fasa mini gilashin ƙofa, jaridu su ce mun wulaƙanta shi. Dole a gaya masa yau. Kai za ka gaya masa."

"Ni a wa? Kai ne edita."

"Ni in na faɗa, kora ce. Kai in ka faɗa, shawara ce."

"In kuma bai yarda ba fa?"

"Akwai mutum huɗu a ɗakin can da suke zana Ostrow fiye da Ostrow."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka, takardu yake tattarawa. Delahunt ba mugu ba ne, shi ma da littattafan Ruben ya tashi. Da mugu ne da na ji daɗin zagin sa.

Na fito ban san inda zan sa kaina ba. Gaba kura, baya siyaki. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da niyyar Flatbush, unguwar su Ruben, amma tasha biyu kawai na yi na fito, na ji babu iska. Na shiga wani shago na ce a ba ni kofi, aka ba ni, na bar shi a kan kanta ban kurɓa ba. Na dinga tafiya da ƙafa ina harhaɗa magana. "Ruben, ka san kowa da lokacinsa." Ba ta yi ba. "Ruben, madubin nan naka." Ita ma ba ta yi ba. Ta ina mutum zai fara gaya wa abokinsa cewa ya tsufa, tsufan ya hau takarda, kuma shekara tara ana ɓoye masa? Ɓoyewar ce ta fi damuna. Ruben mutum ne da ya daina yi wa ƙanensa magana shekara biyu cur don ya ɓoye masa cewa an kwantar da uwarsu a asibiti na kwana ɗaya.

Kuma ba kowane aboki ba ne. A 1954, lokacin da aka taso wa littattafan zane, iyaye suna tara su a filin makaranta suna cinna musu wuta, kamfanoni suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu tawada irina sun watse, wasu tuƙin tasi, wasu fentin gidaje. Ruben ya koma zana labarin soyayya da na makiyayan shanu don ya ci abinci, amma duk ofishin da ya shiga magana ɗaya yake yi: in babu Nunzio, babu fensir. Bai taɓa tuna mini da wannan ba ko sau ɗaya, ni ne dai ba na mantawa.

A titin Canal na tsaya gaban wani shagon kayan famfo, na buɗe jaka na zaro shafi na ashirin. Fuska ce ta cika shafin, ba akwati, ba magana. A labarin, Ginshiƙi ya tare rufin tashar jirgi da kafaɗa, an kwashe mutane duka, an manta da shi a ƙarƙashi, yana jira. Ga kumburi a ƙasan ido, ga jijiya a wuya, ga leɓen ƙasa ya ɗan saki ta gefen da sigari yake zama. Fuskar mutumin da ya gaji ce, wanda kuma ba zai sauke ba. Ban taɓa ganin Ruben ya zana abin da ya kai wannan ba. Na ji tausayi, na ji kishi, na kuma ji kunya da na tuna cewa da safe niyyata in yi masa aski. Mai shagon ya leƙo ya tambaye ni ko zan sayi wani abu ko kuwa ƙofarsa na zo tarewa.

A nan dabara ta zo mini. Abin da baki ya kasa, hannu zai iya. Zan yi tawadar shafin nan layi da layi, ba ragi ba ƙari, kuma ba zan share fensirin ba. In kai masa ya ga baƙi a kan toka-toka, kowane layina yana zaune daram a kan nasa. Fensir yana da kawaici, ido yana iya ganin abin da yake so a cikinsa. Tawada kuwa ba ta da kunya. In ya gani da idonsa, shi zai faɗi maganar, ni sai in ce haka ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na isa gida Bensonhurst wajen ƙarfe ɗaya. Matata ta tafi wurin 'yar'uwarta, gidan shiru. Na zauna, na tashi na buɗe taga, na dawo na rufe, na wanke buroshin da yake a wanke. Sannan na fara. Hannun ya yi ta yi mini gardama, yana isa ƙasan ido sai ya nemi tsallakewa, sai in dawo da shi. Awa uku na yi ban ɗaga kai ba. Da na gama na ja kujera baya na duba, na san ban taɓa yin aiki irin wannan ba, kuma ba zan sake ba. Ruben ne sak yake kallo na daga cikin takarda.

Tawada tana bushewa waya ta yi ƙara. Na ɗauka na saƙale ta a kafaɗa.

"Ɗan Italiya, ina shafina na ashirin?" Ruben ne, ba ya sallama a waya.

"Yana bushewa."

"Tun Litinin yake bushewa? Da man zaitun kake haɗa tawadar?"

Daga nan ya ɓalle. Wani malamin zane ya rubuto masa daga Faransa da Turancin da sai an sa tabarau biyu ake gane shi, wai yana koyar da ɗalibai yadda Ostrow yake zana gwiwar hannu. "Gwiwar hannu, Nunzi. Ni ban ma san ina da wata gwiwar hannu ta daban ba." Ya koma kan labarin wata mai zuwa, wani mugu da yake satar kusoshin gadoji. Ya koma kan surukinsa da ya sayi mota mai launin ƙwai. Ni dai ina ta "e", ina ta "haka ne", ina neman inda zan sa baki in ce ina zuwa da magana. Ya yi minti ashirin.

"Ka zo da shi in gani kafin Delahunt ya ɗiga masa maiƙo," ya ce daga ƙarshe. "Bluma ta ɗora miyar kaza. Ta ce ka rame."

Na ajiye waya. Hannuna na dama yana karkaɗe ɓurɓushin magogi daga kan takarda.

Na tsaya ina kallon sa kamar hannun wani. Sabo turken wawa. Shekara ashirin da shida, in tawada ta bushe kunne kuma yana kan waya, hannun nan ya san aikinsa, ba ya jiran a sa shi. Fensirin ya tafi duka har kusurwoyi, don ni ba na aikin ha'inci. Na ɗaga takardar ga hasken taga ko zan ga sawu, amma Ruben ba ya danna fensir, shafawa yake yi. Babu komai sai tawadata. Na zagi kaina da Italiyanci, na ƙara da Turanci. Na sa kwat, na cire, na sake sawa. Na ce ai fuskar tana nan, mutum ba zai kasa gane kansa ba, na fita.

Bluma, matar Ruben, ta buɗe mini ƙofa da cokali a hannu.

"Nunzio, dube ka, kamar wanda ya kwana a tasha. Sauka, yana ƙasa yana shaƙe kansa da hayaƙi. Ka ce masa ya buɗe taga, ni ya daina jin maganata tun zamanin yaƙi."

Ɗakin aikinsa a ƙarƙashin gida yake, kusa da tukunyar ɗumama ruwa, taga ɗaya ce a sama wadda ba ka ganin komai ta cikinta sai takalman masu wucewa. A nan aka zana abin da rabin Amurka take kwafa. Na same shi cikin singileti, gajere mai faɗin ƙirji, sigari a gefen baki, tabarau mai kauri a kan hanci. A kan tebur akwai shafin farko na littafin gaba, ya kai rabi. Madubin askin yana gefensa.

"Kawo."

Ya goge hannu a wando ya karɓa. Na tsaya a bayansa, na sa hannu a aljihu, na fitar. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge da singileti ya mayar. Ya jawo fitila kusa. Na ga bayan kunnensa ya yi ja, na ce a raina to ga ta nan, ya gane.

"Nunzi, zauna."

Yau kowa so yake in zauna. Na zauna a kan akwatin tsofaffin jaridu.

"Wane ne wannan tsohon?"

Na saci kallon madubin askin.

"Ba wannan na ba ka ba." Ya nuna da gindin fensir. "Dubi nan, layi uku a ƙasan ido. Ni inuwa na sa a nan, inuwar rufin. Dubi haɓa, ta zubo. Dubi bakin, ya karkace kamar na mai shanyewar jiki." Ba faɗa yake yi ba. Na saba da faɗan Ruben, ana jin sa daga bakin titi. A hankali yake magana, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Hannun. Tun yaushe yake rawa?"

Shafin da yake zanawa yana nan kusa da gwiwata. A akwati na biyu ga Ginshiƙi yana duban sama, da kumburin ido iri ɗaya, da haɓa iri ɗaya, cikin fensirin Ruben da ban taɓa ba. Abin da zan yi kawai shi ne in jera su biyun gefe da gefe, in juyo masa madubi. Har na ɗaga hannu. Ruben ya ga hannun a sama, sai ya ajiye shafin ya kama shi da nasa biyu, ya riƙe yana saurare kamar likita. Hannun kuwa rawa yake yi, tun safe ban sa komai a cikina ba, ga tsoro.

"Ka ji ko," ya ce. "Haba Nunzi. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na dubi fuskarsa. Ita ce dai ta shafi na ashirin, sai dai wannan cike take da tausayina. Mutumin nan ba ya shan giya, ba ya zuwa hutu, bai iya tuƙi ba. Abu ɗaya gare shi: ƙarfe bakwai na safe ya sauko ɗakin nan yana da tabbacin cewa idonsa da hannunsa gaskiya suke gaya masa. In na juyo madubin nan, gobe ba zai sauko ba. Na san shi, ba zai yi kuka ba, ba zai yi faɗa ba, zai dai rufe ƙofar ɗakin ya hau sama ya zauna gaban talabijin har ƙarshen ransa. Ni kuwa in an ce hannun Pellerito ya mutu, ba wanda zai rubuto daga Faransa. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Hannun nan shi kaɗai nake alfahari da shi, kuma ra'ayin mutum ɗaya ne a duniya ya dame ni a kansa, shi ne wanda yake riƙe da shi.

"Ya kwana biyu," na ce. "Ina ta ɓoyewa."

"Sauran shafukan fa?"

"Duk haka fuskokin suke. Delahunt ya gani da safe."

"Ya ce me, wannan mai kan dankalin?"

"Ya ce akwai mutum huɗu a ɗakin can."

Ruben ya saki hannuna ya miƙe. Ya je bango ya dawo, ya je ya dawo, ɗakin taku huɗu ne. Ya kunna sigarin da yake a kunne. Sannan ya fizgo waya ya juya lamba, ya tsaya yana buga ƙafa har aka ɗauka.

"Walter, Ostrow ne. Rufe baki ka saurara. Durowar nan tana nan? To ka ja ta. Duk kan da yake cikin littafin nan a sa masa hula. E, ni na ce. Shafi na ashirin ba zai zo ba, ka ɗauki kan nan mai kallon sama, wanda na yi da hasken yana zuwa ta hagu, a faɗaɗa shi ya cika shafin. Wata mai zuwa ma haka, da na bayansa. Jiki da gine-gine Nunzio zai ci gaba da yi, babu wanda ya kai shi a ƙarfe da bulo. Kawuna daga durowa. Mutanen nan naka huɗu kuma ka ba su shara su yi. In ka taɓa Nunzio ka taɓa ni, in ɗauki fensirina in tsallaka titi wurin maƙwabtanka. Kuma in na ji maganar hannunsa a bakin wani a hawa na tara, kai zan nema."

Delahunt ba wawa ba ne, ya gane abin da ya faru. Daga inda nake zaune na jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Yadda ka ce, Ruben."

Ya ajiye waya ya sauke numfashi. Fuskarsa ta saki, irin ta mutumin da ya gama aiki mai kyau.

"Shi ke nan," ya ce. "Ba wanda zai sani. Ko Bluma."

Ya ɗauki shafi na ashirin ya sake duban sa sau ɗaya, ya girgiza kai. Kafin in buɗe baki ya yaga shi biyu. Takarda ce mai kauri, sai da ya sa gwiwa kafin ya yaga ta huɗu. Ya tura gutsattsarin can ƙasan kwandon shara, ya ɗora jarida a kai don kada wani ya gani ya yi mini dariya. Ina zaune ina kallo, na danne hannuwana a tsakanin cinyoyina.

"Tsufa ba abin kunya ba ne, Nunzi," ya ce, ya dafa kafaɗata. "Kowa zai je wurin. Ɓoyewar ce ban so ba. In nawa ya zo, ka gaya mini kai tsaye, kada ka yi mini irin wannan. Ka ji?"

"Na ji."

"Ka yi alkawari."

"Zan gaya maka."

Ya kashe fitilar tebur. A matakala ya sa ni gaba, ya biyo ni a hankali, tafin hannunsa a bayana ko zan faɗi.